Linzami Marar Igiya da Goron Malam Idi

Zuwa ga Yaya Salisu a Kwatano,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina kasuwa? Yaya Hadiza da yara? Mu nan Filingue lahiya lau, Inna ta ji sauƙin ƙafarta.

Linzamin ordinata, wato kwamfuta, da ka aiko ya iso. Da na buɗe kwalin, ba igiya, ba ɗan abin nan da ake soka wa ordinata. Raina ya ɓaci, don wurin shafawa na ordinatata ya mutu, ga shugaban lakwal yana jiran takardun jarrabawar ajina ranar Litinin. Na tafi tasha na tsare Malam Idi, direban da ya kawo saƙon daga Yamai, na ce ya yar da wani abu. Ya ce, "Malama, yadda aka ba ni haka na ba ki."

A gida na juya linzamin, sai na ga alamar bulutut, wadda muke tura wa'azi da ita daga waya zuwa waya. Na kunna bulutut ɗin ordinata, na danna maɓallin linzamin. Yaya, sai kibiyar nan ta kan allon ordinata ta motsa! Na rangaɗa guɗa har Inna ta fito da ludayi a hannu. Ba wanda ya koya mini! Tun Asabar na miƙa takardun.

Ka gaida kowa, ka sa ni a addu'a. Gobe zan kai wa Malam Idi goro. A gaban mutane na zarge shi, a gabansu zan ba shi haƙuri.

Ƙanwarka,
Rabi