Dalilin Fasa Aurena da Zainabu

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida. Yaya ruwan Fatakwal? Yaya jikin ɗiyarki Asma'u? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Yaya, an fasa aurena da Zainabu, kuma ba faɗa muka yi ba. Kafin a kai gaisuwa gidansu a Kalgo muka je gwajin jini, aka ce dukkanmu muna ɗauke da sikila. Na so mu ɓoye. Sai ta ce, "Bello, kai ka faɗa mini yadda Asma'u take kuka idan ciwon ya tashi. Ina son ka, amma ba zan jawo wa ɗana haka ina sane ba."

Kwana uku na kasa cin abinci. Sai mahaifinta ya zo Gwandu da kansa, ya ce wa Baba har gobe ni ɗansa ne. Tun ranar na samu natsuwa, na koma shago.

Ki yi mana addu'a, Allah ya zaɓa wa kowannenmu mafi alheri. Inna tana gaishe ku duka.

Ƙanenki,
Bello