Zaitun ɗin da ka bar wa tsuntsaye

Zuwa ga Yayana Sani, a Riyad.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na kira ba ka ɗauka, na aika saƙo ka amsa da "mashgul", wai aiki ya yi maka yawa, shi ya sa na rubuto maka a nan inda jama'a za su gani. Wataƙila kunyar idon mutane ta yi abin da na kasa.

Bishiyar zaitun da Baba ya dasa a tsakar gidanmu na unguwar Ƙurban ta yi 'ya'ya bana, amma ruɓa ta cinye su. Ina so ka san yadda aka yi, don da hannunka a ciki.

Ka tuna Baba in ya dawo daga sallar asuba a masallacin Ƙuba? Ko shayi ba ya sha sai ya durƙusa ya tsince duk ƙwayar da ta faɗo, ya ƙulle a baƙar leda, ya ɗora a saman soro rana ta dafa su. Kai kana yi masa dariya, wai Baba yana yi wa tsuntsaye rowa.

Ya taɓa tsaga mana ɗaya da farce, muka ga farar tsutsa a ciki. Ya ce wani ɗan ƙuda ne yake huda fatar ya zuba ƙwai, ta wannan hujin kuma fumfuna take shiga. In aka bar ƙwayar a ƙasa, tsutsar ta shige ƙasa ta fito ƙuda, ta koma kan bishiya. Maganarsa kullum ita ce, "Ruɓa ba ta fasa ƙofa, a buɗe take tarar da ita."

Da ya rasu, kwanan zaman makoki kawai ka yi mana. Kana ɗaure jaka ka kafa doka: kada a ƙara tsince abin da ya faɗo, a bar wa tsuntsaye, ladan ya kai wa Baba. Na buɗe baki, ka ce ko ina baƙin ciki da sadakar mamaci ne? Umma ta ce a bi maganar babba. Na bi, kai kuma ka hau mota.

To, Yaya, tsuntsayen ba su ci ba, ɗanyen zaitun ɗaci ne da shi. Ƙuda ne ya ci sadakarka. Da aka yi ɗan ruwan sama, kowace ƙwaya mai huji ta yi tabo mai duhu, ta lotsa, ta yamutse a reshe. Na turo maka hoto, ka turo mini sunan maganin feshi. Ka ɗauka komai daga waya ake gyara shi.

Abin ya ƙona min rai, wallahi har yanzu ina jin haushinka. Ka yi hukunci a kan bishiyar da ba ka taɓa ba wa ruwa ba, ka tafi ka bar ni da warinta.

Umma ce abin tausayi. Idonta ya yi rauni, ƙafa ta ƙi, amma kullum sai ta tambaya ko zaitun ɗin Malam ya isa tsinka. Na sayo mata na bagala, kantin unguwa, ta sa ɗaya a baki ta tofar a hannu, ta ce wannan bai san gidanmu ba.

Na karya dokarka. Na share ƙarƙashin bishiyar tas, na hau tsani na bi reshe reshe ina zaɓen waɗanda ƙuda bai taɓa ba. Abin da na samu ƙaramar kwalba ɗaya ya cika. Na tsaga, na jiƙa, ina canza ruwa har ɗacin ya fita, na sa a ruwan gishiri da lemun tsami kamar yadda Baba yake yi.

Na kai mata, ta shafa murfin ta ce ba za a buɗe ba sai Sani ya zo, don kai ne mai son su tun kana yaro. Kwalbar tana nan kusa da matashinta. Zaitun in yana cikin gishiri yana iya jiran shekara. Umma kuwa, ni nake yi mata wanka, na san abin da ya rage a jikinta.

Ka nemi ijaza, su ba ka hutu a wurin aiki, ka zo, Yaya. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, ka zo kawai ka buɗe mata kwalbar nan.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba Umma lafiya, ya sa ka iso tana iya taunawa.

Ƙanwarka da ke jiran ƙofa,
Hajara.