Kafur da Rigar Noma

Zuru, 18 ga Afrilu, 2004

Zuwa ga yayana Philip,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya a can Laberiya, kai da 'yan uwanka sojoji. Allah ya tsare ku daga harsashi da zazzaɓi. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya sa mu gaba. Matarka Gladys ta koma ɗinkinta, Kawu Dominic ya zo daga Wasagu makon jiya, an kuma fara sharar gona. Idon Mama kuwa sai ƙara rufewa yake yi. Yanzu da murya da ƙanshin jiki take gane mai shigowa.

Yaya, ɓarna na yi, kuma da bakina na yi ta. Ka san halina, koyarwa ta bi mini jiki, ba a tambayata in yi shiru. Mama ce ta kira ni da faɗa, wai ɓera ya cinye kafur ɗin akwatin zannuwanta, ƙwallo shida duk sun koma kamar ƙwayar dawa. Na yi dariya na ce ɓeran da zai ci kafur ai ya gaji da duniya. Sai na gyara zama na yi mata darasin da nake yi wa 'yan aji biyu. Na ce kowane abu, dutse ne ko ruwa ko iska, ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani suka haɗu suka yi shi. Kullum motsi suke yi, in zafi ya taɓa su motsin ya ƙaru, na sama su ɓalle su bi iska, su ne hanci ke ji. Shi ya sa kafur ya fi ramewa da bazara. Har ina jin daɗin kaina, wai na iya bayani.

Can sai ta tambaye ni ko ƙanshin mutum a jikin tufa ma haka yake tafiya. Ni kuma uwar sani na ce ƙwarai kuwa. Ashe rigar nan taka mai ruwan ƙasa, wadda ka yi noman ƙarshe da ita kafin a kira ku, ba ta bari an wanke ba. Tana cikin langa mai murfi a ƙarƙashin gadonta. Wata takwas ke nan, kullum in ta gama addu'ar safe sai ta buɗe ta shaƙa. Gida ɗaya muke, amma ban taɓa sani ba.

Tun ranar ta sa aka mayar da langar gindin randa, inda ya fi sanyi. Ta naɗe murfin da tsumma, ta daina buɗewa sai ranar Lahadi, wai kada ta ƙarar da kai da hancinta. Na so in janye abin da na faɗa, amma magana zarar bunu ce.

Lahadin da ta wuce, da muka dawo daga coci, ta buɗe, ta daɗe da fuskarta cikin rigar, sannan ta miƙo mini wai in ji ko kana nan. Yaya, na shaƙa har ƙirjina ya cika. Ba komai sai warin tsohon yadi da danshin randa. Na ce mata kana nan daram. Ta ce ai ta sani. Amma ba ta yi saurin rufewa yadda ta saba ba, haka ta bar murfin a ƙasa har yamma. Na zagaya bayan rumbu na yi kukana. Ni ma kewarka ta ishe ni, don dai ba ni da inda zan faɗa ne.

In hutu zai samu, don Allah ka zo, ko na kwana uku ne. In ba zai samu ba, na ji Kofur Lukuman na unguwarmu zai dawo daga can wurinku wata mai zuwa. Kada ka ba shi atamfa, kada ka ba shi turare. Ka sa riga ɗaya ka yini da ita cikin rana, ka sake maimaitawa, kada ruwa ya taɓa ta. Ka ƙulle ta cikin leda biyu ka ba shi ya kawo wa Mama, ka ce masa ya sa ta can tsakiyar kaya, nesa da zafin mota.

Gladys tana gaishe ka, haka Kawu Dominic da maƙwabciyarmu Inna Indo. Mama ma tana gaisuwa. Ta ce in gaya maka ka kwantar da hankalinka, ita ba ta buƙatar komai.

Ni ce ƙanwarka mai kewarka,
Hannah