Bayan da Ya Tare Iska

Illo, Talata

Malam Muktar, kocinmu,

Wa ya tare wa Saifuddeen iska a tseren bara, tun daga Bagudo har Illo? Na sa tambaya gaban sallama don ita ta fi ƙona mini baki. Assalamu alaikum, ya iyali?

Ni na shiga gaba, ƙirjina na shan iska, shi ko yana laɓe bayan kekena kamar ɗan goyo, sai dab da layi ya sulale ya wuce. Kai ka tsara hakan, ban musa ba. Amma da aka miƙa maka lasifika sai ka ce yaron da ƙafarsa ya ci, ni kuwa buhun gero ne bisa keke. Kowa ya yi dariya, har baban Batulu da nake nema. Yanzu kuma ka cire ni daga masu zuwa gasar Jos.

Ban yi boko mai nisa ba, amma ina karatu a waya. Siriri na hawan tudu ne, mai cinya da faɗin ƙirji na miƙaƙƙiyar hanya. Ina tudu a Bagudo?

Na gaishe ka don tarbiyya.
Bunyaminu

Bagudo, Jumma'a

Ɗana Bunyaminu,

Wa alaikumus salam, iyali lafiya. Karatunka daidai ne, shi ne ma hujjata. Jos duwatsu ce. Nauyin da ke tura ka gaba a nan shi zai ja ka baya a can. Ba ni na halicce ka ba. Zancen buhu kuwa raha ce, babba kamarka ba ya riƙe ta.

Tseren bana ya matso, 'yan Segbana za su ƙetaro daga Benin. Ka zo ka tare wa ƙanenka Saifuddeen iska kamar kullum.

Allah Ya sanyaya zuciya.
Muktar

Illo, Lahadi

Malam,

Sallama, da sannu da rana. Ka ce in zo, na zo. Ka dai ga rigar da na sa, ta 'yan Segbana. Yaron Segbana da na goya bai fi Saifuddeen tsoka ba, ga kofin can ya ƙetare iyaka. Ƙanen nawa kuwa iska ta yi ta marinsa shi kaɗai, ya iso bayan an fara naɗe tabarmi, yana kuka. Kukan ya dame ni, wallahi. Ba shi na nufa ba.

Jiya Batulu ta ce babanta ya sauya mini suna: mai sayar da gida. To, buhu ko wannan, duk kai ka jawo.

Rigarmu tana nan a wanke. Ranar kasuwar Illo ka ari lasifikar nan, ka tsaya inda ka tsaya bara, baban Batulu yana ji. Wa ya tare iska, Malam? Ka faɗa da ƙarfi.

Na bar ka lafiya.
Bunyaminu