Bindigar da Aka Hana Ni Ɗauka

Zuwa ga ɗana Lawal a Kaduna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya mai ɗakinka da yara? Mu nan Daura lafiya lau.

Tun shekarar da motoci suka koma bin dama, shekara uku ke nan, ban ga abin da ya juya mini kai kamar wannan ba. Da aka raba gadon baffanka na Kazaure, alƙali ya ba ni bindigar tokar mahaifinmu. Na je wurin sajan na 'yan sanda a nan neman lasin kafin in ɗauko ta, ya ce lasin baffanka ya bi shi kabari, kuma Kazaure jihar Kano ce, ba huruminsa ba. Na ce yaushe aka ɗauke Kazauren? Da ƙafa mahaifinmu ya kai bindigar can. Ya ce, "Baba, ba lasin sai na gan ta." Na ce bari in ɗauko. Ya ce in na hau hanya da ita, kama ni za a yi, a ƙwace ta. To, tashi za ta yi?

Ka tambayo mini manyanku na wurin aiki yadda zan yi. Ku sa mu a addu'a, ka gai da surukanka. Gobe da safe zan je in zauna a bakin ofishin sajan, sai ya yarda mun tafi Kazaure tare, ya ɗauko ta da hannunsa.

Mahaifinka, Ɗanjuma.