Lafiyar Ce Ta Yi Gaba

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Mu nan Bronx sai godiya.

Na ji saƙonki, wai Inna ta ga hotona ta kasa cin abinci don na rame. Ki kwantar mata da hankali, ba wahala ba ce. Likita ce ta ce sugana ya fara hawa, ni kuwa na ga yadda ciwon nan ya yi da Baba. Shi ne na rage shinkafa da lemon kwalba, na koma wake da kwaɗon zogale. Na sayi kambas da doguwar riga marar nauyi, na fara gudu da sassafe.

Ranar farko na bi ta gaban shagon Alhaji Mamman, wani dattijo ɗan Nijar. Sai ya bar shagon a buɗe ya biyo ni yana haki. "Hajiya, lafiya? Wa ya koro ki?" Ban ga laifinsa ba, a wurinmu babbar mace ba ta gudu haka kawai. Na ce, "Alhaji, lafiyar ce ta yi gaba, ita nake bi." Yanzu har matarsa tare muke fita.

Inna ta sa ni a addu'a. Ki gaida Gwaggo da yaran duka. Hoton kuma ki sake nuna mata, wannan karon ta dubi fuskar. Dariya nake yi.

Ƙanwarki,
Rabi