A Bar Baba a Ɗakinsa

Yola, 1989

Zuwa ga Baffa Datti,

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto muku. Ina gaishe ku da kowa a Badarawa. Lafiya lau nake, sai dai karatu ba ya zama a kaina.

Yaya Uwani ta rubuto cewa kun dakatar da Sista Rahmatu mai zuwa gida duba Baba, don kada a ce mun sallama shi. Baffa, likita ya ce ciwon ba na warkewa ba ne. A da, duk sanda ciwon ya tashi sai mu nufi sashen gaggawa na asibiti a tasi, ramukan hanya suna sa Baba hawaye, a yi masa allura a kan benci a sallamo mu. Da Sista ta fara kawo magani gida, har hutu ya ƙare ba mu koma ba. Ran da zan taho Baba ya ce, "Safara'u, ku bar ni inda nake jin kiran sallar masallacinmu."

Don Allah ku bari ta dawo. Ina neman izinin sake rubutowa; in Baba yana nan, a karanta masa.

'Yarku,
Safara'u